Kwano Ba Ya Komawa Wayam

Safiyar da abin ya faro, sama garau take, babu ko ɗigon girgije, iska kuma ta tsaya cik. Duk wanda ya tsufa a kwarin nan namu ya san irin wannan shirun. Raɓa ce ta daskare da asuba, ta yi wa rufin gidaje da gonakin shinkafar da aka girbe fari fat kamar an barbaɗa gishiri. Ta riga lokacinta zuwa, shi ya sa ta sami mutane da yawa ba shiri.

Masue ta fito zubar da ruwan wankin shinkafa bayan rana ta ɗan ɗaga, ta leƙa lambun bayan gida, sai ta ajiye kwaryar a hankali. Furannin daliyar mijinta, waɗanda jiya suke ja da rawaya da fari, sun koma baƙi ƙirin. Ganye ya yi laushi ya rataye kamar dafaffen alayyafo. Mijin, Shimanuki Genzo, yana tsaye a tsakiyarsu da kayan barci da takalmin roba, hannu biyu a baya.

"Baban yara, wanne ne?"

Bai juyo ba.

"Magana nake. Wanne ne a ciki? Ai ka ɗaura masa ƙyalle ko?"

"Yau na yi niyyar ɗaurawa."

"Yau ka yi niyya. Tun ana girbi nake cewa ka ɗaura."

"Ke, na san su kamar 'ya'yan cikina."

"'Ya'yan cikinka biyu ne tak, su ma sai ka kira wannan da sunan wancan."

Genzo direban bas ne a da. Shekara talatin da 'yan kai yana hawa da sauka a hanyar dutse, ba a taɓa jin ya goga motar da ko shinge ba. Da ya ajiye aiki sai zaman gida ya ishe shi, har wani tsohon abokin aikinsa ya ba shi dankalin daliya guda ɗaya. Masue ce da bakinta ta ce ya shuka a kunyar ƙarshe, can jikin shinge, don ya sami abin yi ya daina bin ta kicin yana buɗe tukwane. Ta sha cewa daga baya, da ta san abin da zai biyo, da ta dafa dankalin nan ta ba shi ya ci.

Ita daliya halinta biyu ne. In ka shuka dankalinta, furen bara za ta ba ka, ba ƙari ba ragi. In kuwa ka shuka ƙwayar irinta, abin da zai fito babu wanda ya taɓa ganinsa, ko uwar ba ta san shi ba. Ranar da Genzo ya gane haka, ranar Masue ta rasa miji ta kuma fara rasa lambu. Kullum da safe yana can da ɗan buroshi, yana ɗibar garin wannan fure yana shafa wa wancan, yana rufe musu kai da jakar takarda, yana faɗa da ƙudan zuma wai suna ɓata masa aure. Abin da yake nema fure ne babba mai ƙarfin wuya, wanda ruwan sama zai daka bai sunkuya ba.

"Mai taurin kai ke nan," in ji Masue. "Ai akwai ɗaya a gidan, me za a yi da na biyu?"

Waɗanda suka san wannan aiki, in sun shuka ɗari, sai su tumɓuke casa'in da tara su zubar. Genzo ba ya iyawa. Ya tashi a shekarun yunwa na bayan yaƙi, ya ci ganyen dankali da saiwar ciyawa, har yau in ƙwayar shinkafa ta faɗi ƙasa sai ya ɗauka. Duk furen da ya fito, ko mai karkataccen baki ne, ko mai launin ruwan wanke-wanke, sai ya tsaya a kansa ya ce, "Asara ce a zubar." To, abin da ba a zubar ba sai an sama masa wuri. Kunyar yalo ta tafi. Ta kokwamba ta bi ta. Daga baya kabeji, sannan albasa. Da ya taɓa kunyoyin gwaza, Masue ta yi kwana da kwanaki ba ta zuba masa shayi ba, sai dai ta ajiye buta ya zuba da kansa. Matar da a da in kaka ta yi ita ke raba wa unguwa gwazar miyar da ake taruwa a sha a bakin kogi, ita ce yanzu take shiga kanti tana sayen yalo a leda, tana waige kar a gan ta.

Da lambun ya cika, sai ya koma kan maƙwabta. A wurinmu ba a ƙin kyauta, kuma kwanon da aka kawo maka abu a ciki ba ya komawa wayam. Genzo ya tura baro cike da dankalin furannin da bai so ba, gida gida, mutane su karɓa da hannu biyu suna sunkuyo, sannan su shiga ciki suna neman abin da za su mayar. Dole kuma su shuka, domin zai zo wucewa ya leƙa. Haka unguwa ta cika da munanan daliya. An kai lokacin da in aka ji kukan tayar baronsa daga nesa, sai ka ga ana jan ƙofofi a hankali.

A shekarar da raɓar nan ta riga lokacinta ne furen da yake nema ya zo. Cikin 'yan shukar iri ya fito, fari a tsakiya, bakin ganyayensa ja kamar an tsoma a tawada, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu. Guguwar ƙarshen damina ta zo ta kwantar da rabin lambun, ta sarƙe kara cikin kara, amma shi yana tsaye da kansa a sama. Ko Masue da ta gan shi sai da ta tsaya tana kallo. Genzo ya ce, "In wannan ya tsaya, na daina shuka iri. Kunyoyinki su dawo miki."

Ba ta yarda da maganar lambu ba. Ta ja shi har ɗaki, gaban ɗan akwatin da ake tuna magabata, inda hoton mahaifiyarsa yake, ta kunna turare ta ce ya maimaita. Ya maimaita.

Shi ya sa a safiyar raɓar nan ta fi shi tashin hankali. Furen nan guda ne a duniya, dankalinsa curi ɗaya ne a ƙarƙashin ƙasa, cikin curi sama da ɗari masu kama da juna. In ya ɓace, alkawari ya ɓace, kuma ta san mijinta, sabon nema zai faro daga farko.

"A kunya ta uku yake," in ji Genzo. "Daga famfo."

"Ka tabbata?"

"Mutumin da ya san kowace kwana a hanyar dutse kike tambaya?"

Ta ce to a ajiye kunya ta uku duka, kar a ba kowa ko ɗaya. Suka haƙa, suka shanya, suka jera a akwatuna cikin ƙaiƙayin shinkafa, har ta fitar da gangar tsimin kabejinta daga rumbu don su sami wuri mai ɗumi. Sauran kuwa baro ya kwashe su kamar kullum. Dusar ƙanƙara ta rufe kwarin, ta narke, aka shuka. Da zafi ya shigo furanni suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Kullum Masue sai ta riga shi fita ta duba. Mai karkataccen baki. Mai launin ruwan wanke-wanke. Wani rawaya da ya sunkuya tun kafin a yi ruwa. Na ƙarshe ya buɗe, shi ma ba shi ba ne.

"Wataƙila daga shinge na ƙirga, ba daga famfo ba," in ji Genzo.

Ta ajiye buta.

Tsakiyar watan takwas, lokacin da ake ziyarar kaburbura, ta hau tudu da bokiti da turare. Ta gama wanke dutsen kabarin surukanta, ta miƙe tana dafe ƙugu, sai idonta ya faɗa kan kabarin da ke gaba. Ga shi nan a cikin tulun fure, guda uku, fari a tsakiya, ja a baki, wuya a miƙe. Kabarin mijin Kiyono ne.

Kiyono gwauruwa ce da ke zaune tsallaken magudanar ruwa, ta girme su duka biyu, ta san Genzo tun yana yawo da majina. Babu wanda ya kai ta sanin ka'idar kyauta a unguwar. Ko kokwamba biyu za ta ba ka, sai ta zaɓi masu tsawo ɗaya, ta goge su, ta naɗe a ƙyalle. Dankalin da Genzo ya kai mata bara, bayan rumbunta ta tura su, kusa da juji, inda ba mai gani.

Masue ta sauko tudun da saurin da ta manta tana da shi. Genzo ya ji labari, ya tashi, ya sa hula, ya kai bakin ƙofa, ya dawo ya zauna.

"Tashi mana!"

"In ce mata me? Abin da na ba ki bara, ba ni kayana? Namiji ya ba da kyauta ya koma karɓa? Gara a ɗauke ni da akwatin gawa."

"To ka ce ta sam maka."

"Ni da na ba ta? Ai sai ta gane ban san abin da na ba ta ba."

"Kuma ka sani ne?"

Ita ma Masue ta san ba a yin haka. A wurinmu ba ka cewa ba ni. Sai dai ka yi ta bayarwa har wancan ya rasa abin mayarwa, ya duba abin da idonka yake kai. Washegari ta cika kwano da tsimin kokwamba, wanda da kuɗinta ta sayi kokwambar, ta tsallaka magudana.

"Yaya, kina ciki? Ɗan abin taɓawa ne, bai ma yi daɗi ba."

"Kai, Masue, kullum cikin wahala. Lambun naku ya fara ba da kokwamba ke nan?"

Ta haɗiye wannan. Ta ce, "Na ga furen da kika kai wa mai gidanki. Ya yi kyau."

"Wannan? Cikin tarkacen Gen ya fito. Ko makaho in ya yi ta jifa wata rana sai ya sami tsuntsu."

Kwano ya dawo da wainar shinkafa. Masue ta kai dafaffen wake mai zaƙi, ta sake yaba furen. Kwano ya dawo da kabewa. Ta kai busasshen kifin da ɗanta ya aiko daga bakin teku, ta tsaya a inda ake hango bayan rumbu tana kallo har wuyanta ya gaji. Da yamma Kiyono ta zo da kanta, da kwano a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma damin furen ne, an yanko su an ɗaure da zare.

"Na ga kina ta kallonsu. Ga su nan, ki sa a ɗaki."

Genzo ya karɓa yana godiya, ya sa su a ruwa, ya zauna gabansu kamar mai jinya. Masue ta tabbata tsohuwar nan ta san abin da ake so, tana dai rama shekarun baro ne. Ta buɗe ƙasan daɓe ta fito da tulun tsimin 'ya'yan itacen da ta adana tun auren 'yarta, wanda ko Genzo sai yana zazzaɓi take ba shi ɗaya. Ta ɗebi rabi ta kai.

Kiyono ta buɗe, ta sansana, ta dube ta.

"Masue, wa zai mutu?"

"Ba kowa, Yaya. Na ce, shi furen nan, ko dankalinsa yana da girma?"

"Af! Dankalin kuke so? Ku da kuka cika gari da shi? Ai sai ki faɗa, kin bar ni ina ta dafa waina."

"Ni ban ce ina so ba."

"Ni ma ban ce kin ce ba. Bari raɓa ta sauka."

Raɓa ta sauka a kan lokacinta. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Kiyono ta yi sallama da kwano naɗe cikin ƙyallenta mafi kyau. Genzo har riga ya canza. Aka zauna, aka sha shayi, aka yi maganar ciwon gwiwa, sannan ta turo ƙunshin. Ya kwance a hankali. Dankali biyar ne a jere kan farar takarda, an wanke su tas, an goge, an datse kai da gindi daidai wa daida kamar na kanti.

Masue ta ga kunnuwan mijinta sun yi fari. Ita ma ta gani. Shekarun da ta yi tana jin wa'azinsa ba su tafi a banza ba: idon da daliya take tsirowa daga gare shi a wuya yake, daidai inda dankali ya haɗu da kara. In babu wannan wuyan, ko shekara zai yi a ƙasa ba zai tsiro ba, sai dai ya ruɓe da ƙibarsa.

Genzo ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tabarma. "Mun gode, Yaya. An sha aiki."

"Ba wani aiki. Da ka ga yadda suka fito, duk ƙasa da gashi, da wani mummunan kututture a ka."

Ya raka ta har ƙofa. Ya dawo ya zauna gaban kwanon ya ce, "Shi ke nan. Badi sai a sake shuka iri."

Wannan kalmar ce ta ɗaga Masue. Ko takalmin fita ba ta tsaya nema ba, nasa na roba ta zura. Ta cim ma Kiyono a kan 'yar gadar magudana.

"Yaya, kututturen fa? Ina yake?"

"Wane? Na jefa juji tun jiya."

"Ba ni shi."

Kiyono ta tsaya ta dube ta sama da ƙasa. Tun da Masue ta zo unguwar nan tana amarya, ba a taɓa jin ta ce wa wani ba ni ba.

"Shara fa kike cewa in ba ki. So kike a ce Kiyono ta ba maƙwabciyarta shara?"

"A ce. Ni zan fara faɗa. Yaya, gwaza nake so in shuka. Na gaji da sayen yalo a leda kamar 'yar birni. In abin nan bai tsiro ba, mutumin nan sai ya shuka fure har cikin tukunyar wanka."

Ba ta jira amsa ba. Ta zagaya bayan rumbu, ta naɗe hannun riga, ta durƙusa a kan jujin. Ganyen kabeji, ɓawon kabewa, kan kifi, tokar murhu, duk ta bi su da hannu, Kiyono na tsaye tana faɗin, "Wayyo ni, a hankali, kar a gan ki daga hanya." Cikin jujin da ɗumi, har tururi yake, shi ya hana sanyin asuba taɓa abin. Ta zaro shi, guntun kara baƙi da ragowar wuyoyi biyar a jiki, kowanne da ɗan nama kamar faɗin yatsa biyu.

Ta miƙe za ta tafi, Kiyono ta riƙe mata hannu.

"Haka za ki ratsa unguwa da shi tsirara? Kawo."

Ta shiga ciki, ta naɗe shi a ƙyalle, ta ƙulla, ta miƙo da hannu biyu. Masue ta karɓa da hannu biyu tana warin kifi. Sai a kan gada ta tuna cewa yanzu kuma ita ce da mayarwa.

Genzo ya kwantar da kututturen cikin ƙaiƙayi mai ɗan danshi. Duk tsawon hunturu Masue ce take buɗe akwatin tana dubawa, tana yi masa faɗa in ya bar ƙofar rumbu a buɗe. Da ƙanƙara ta fara narkewa, ido uku suka fito, jajaye, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Ya yanki tsiron ya dasa a tukwane, biyu suka kama. Ya ce sai an ga shekara uku furen bai canza hali ba kafin a ce ya tsaya. Ta ce wannan ba ya cikin abin da aka faɗa gaban mahaifiyarsa. Ya ce yana ciki, a zuci ya faɗa. Ta jira. Furen bai canza ba.

Ya so ya sa masa sunanta, ta ce kar ya kuskura, ba za a riƙa cewa Masue ta yi tsutsa bana ba. Ya raɗa masa wani dogon suna mai ma'anar wanda ba ya sunkuya wa ruwa. Babu mai kiransa da shi. Duk unguwa Jujin Kiyono ake cewa, Kiyono kuwa in ta ji sai ta yi kamar kurma.

Yanzu Genzo ya haura tamanin, gwiwa ta hana shi tura baro. Suna nan a gidan. Kunyoyin sun koma hannun Masue, gwaza da yalo da kabeji, ban da ta jikin shinge inda furen yake. Iri kam ya daina shukawa a lambunsu, kamar yadda ya yi alkawari. A bayan rumbun Kiyono yake shukawa, kusa da juji, kuma Masue ce take kai kwanon godiya.